Famfon da na nuna wa mai unguwa

Da ana mayar da rana baya, safiya ɗaya kawai zan roƙa a ba ni. Ita ce safiyar da na ɗauko mataccen famfo daga ƙarƙashin buhuna, na goge shi, na ɗaure shi a mazauninsa, na tsaya a gefensa ina kallo dattawa suka ƙaryata wata tsohuwa da ke faɗin gaskiya. Na yi wasu kurakuran a rayuwa, amma yawancinsu a kaina suka tsaya. Wannan kuwa ya ci rijiyar wata, ya ci sana'arta, ya sa aka riƙa yi mata dariya a unguwar da ta tsufa a ciki.

Ni bakaniken injin ban-ruwa ne. Karatuna bai wuce firamare ba, sauran a bakin aiki na koye shi. Shekara da shekaru ina hawa babur da jakar sifana, ina bin masu noman rani a Shabu da Adogi, ina tayar musu da injin da ya ƙi tashi. Abu na farko da wanda ya koya mini aiki ya sa mini a kai shi ne, famfo mai lafiya yana ɗiga. Akwai sanda da ke fitowa daga inji ta shiga cikin famfo ta juya farfela, kuma a ramin da take shiga ana cusa igiya mai maiko don ta tare ruwa. In ka matse igiyar har ɗigo ya tsaya, za ta yi zafi ta ƙone. Saboda haka in muka ga ɗigo ɗaya-ɗaya yana sauka, hankalinmu kwance yake. Da wannan sani na ci abinci, na yi aure, na gina ɗaki biyu. Ban taɓa zaton akwai wurin da zai zama jahilci ba.

Bayan an ba mu jiha, garinmu Lafia ta zama babban birninta, ta cika da gine-gine. Wani Alhaji mai sayar da kayan gini, wanda iyayensa daga Kano suka zo, ya ga kullum ƙusa da wayar ɗaurin rodi ƙarewa suke yi a shagonsa. Sai ya buɗe ɗan ƙaramin wurin yin su a gefen gari, ya ɗauke ni in kula da injuna. Aikin ba wuya a fahimta. Ana kawo nannaɗaɗɗen ƙarfe duk tsatsa da baƙin ɓawo, a tsoma shi a tankin asid har ya fito fes, a ɗauraye, a ja shi ya zama waya, a yanka ƙusa. Asid ɗin ba irin na batir ba ne, amma ya fi shi yaji a hanci. Kwanon rumfar da tankin yake ciki bai shekara ba ya huhhuje. Ana bukatar famfo da zai riƙa zagayawa da asid ɗin a tanki, in kuma ya gaji ya zama kore-kore, a tura shi cikin durorin roba a zuba masa farar ƙasa kafin a kwashe.

Wani injiniya ya zo daga Legas da famfon. Ɗan ƙarami ne, cikinsa duk roba mai kauri. Na juya shi gaba da baya ina neman ramin sanda, ban gani ba. Injiniyan ya yi dariya ya ce babu. Ya nuna mini cewa motar lantarkin tana juya wani zoben maganaɗisu ne a waje, a ciki kuma akwai wani maganaɗisun a lulluɓe da roba, haɗe da farfela. Na waje na juyawa, na ciki na binsa, bango a tsakaninsu, babu ƙofar da asid zai bi ya fito. Sai ya ba ni sharaɗi biyu. Kada a kunna shi babu ruwa a ciki. Kada kuma a cire rariyar da ke gabansa, domin garin ƙarfen da ke zuba daga rodi in ya shiga zai manne wa maganaɗisun. Na ce na ji. A raina kuwa cewa na yi, yaron da bai taɓa shiga fadama ba ne yake koya mini famfo.

Maƙwabta sun tsorata da jin kalmar asid, don haka ranar buɗewa Alhaji ya gayyato mai unguwa, injiniyan ya yi masa wannan bayanin. Mai unguwa mutum ne mai barkwanci. Ya leƙa ƙasan famfon ya ce ai ya fi jikokinsa tarbiyya, tunda ba ya jiƙa shimfiɗa. Daga ranar labari ya bazu cewa a wurin Alhaji akwai famfon da ba ya ɗiga. Har daga kasuwa mutane ke zuwa kallo.

A bayan katangarmu akwai gidan wata dattijuwa 'yar ƙabilar Alago, asalinta 'yar Keana garin gishiri, mijinta ya rasu. Duk muna ce mata Mama. Sana'arta turara shinkafa: ta sayi shanshera ta jiƙa, ta turara a duro, ta shanya, ta kai injin casa. Shinkafarta ta yi suna da haske, mata daga nesa suke kawo mata tasu ta turara musu. Sirrin, in ji ta, rijiyar ce. Mijinta ne ya haƙa ta da hannunsa a shekarar da suka zo Lafia, ruwanta sanyi, garai, ba ta ƙafewa ko a tsakiyar rani. Mu ma ita muke sha. Kowace safiya akan miƙo mana bokiti ta kan katanga, ran Lahadi kuma in ta dawo daga coci takan leƙo ta ce, "'Ya'yana, kun sha ruwa?"

Rariyar nan ta zame mini ƙaya. Kusan kullum sai ta toshe da baƙin gari. Wanke ta sai an tsayar da aiki, an sa safar hannu, an sha yajin asid har hawaye. A fadama in ruwa ya ja baya, cire rariyar bakin tiyo muke yi, inji ya haɗiye yashi ya tofar, ba abin da yake samunsa. Wata rana aiki ya yi yawa, na cire ta na jingine a bango, na ce gobe zan mayar. Ruwa ya riƙa gudu kamar an saki akuya. Ban mayar ba.

Famfon ya yi wata biyu yana haƙuri. Sannan ya fara wani ɗan kuka siriri, jikinsa ya yi zafi, ran nan da hantsi ruwa ya tsaya cak alhali motar tana juyawa. Da na buɗe sai na tarar garin ƙarfe ya daskare a jikin maganaɗisun kamar ƙanzo a gindin tukunya, ya goge robar har ta tsage. Daidai abin da injiniyan ya faɗa. Alhaji yana aikin hajji a lokacin. Abin da ya kamata in yi ba ya da wahala: in tsayar da tankin, in jira shi, in ce na cire rariya, na kashe famfo, a aika Legas. Amma ni ne babban bakanike, ni ne wanda ake nuna wa baƙi. Na kasa haɗiye wannan.

A gidana akwai tulin tsoffin famfunan ban-ruwa na ƙarfe da manoma suka bar mini. Na ɗauko ɗaya na gyara, na cusa masa igiya da maiko, na ɗaura. Ya ja asid ɗin sarai. Ya kuma ɗiga, kamar yadda na saba gani, har na ji wani sanyi a raina. Sai dai asid ba ruwan kogi ba ne. Cikin kwanaki ɗigon ya zama tsiyaya, cikin makonni ya cinye famfon, na ɗauko wani daga tulin. Don kada ƙasan rumfa ya jiƙe, na fasa ɗan kwalbati a siminti, na ja shi zuwa wani rami da na haƙa a gindin katangar baya, na rufe da tsohon kwano. Ramin yana shanyewa, bai taɓa cika ba, na ɗauka ƙasa ta rufa mini asiri. Mataccen famfon kuma na tura shi lungu na yafa masa buhuna.

Alhaji yana da ciwon ƙirji, ba ya shiga rumfar asid, daga ƙofa yake tambaya. Kullum in ce lafiya lau. Mutum ɗaya ne ya san komai, wani magidanci ɗan ƙabilar Tibi da ke tsoma ƙarfe a tankin. Wata rana ya tsaya a bakin kwalbatin ya daɗe yana kallo, ya ce, "Oga, wannan ruwa ina yana zuwa?" Na ce masa ƙasa yake zuwa, inda duk ruwa yake zuwa, ya koma kan aikinsa. Yana da 'ya'ya shida. Bai sake tambaya ba.

Bayan damina ta biyu, na lura bokitin da ake miƙo mana yana barin wani zobe rawaya in ruwan ya kwana. Na ɗanɗana na ji kamar na lashi ƙusa. Tun daga ranar na riƙa zuwa da ruwana daga gida a galan. Ban ce wa kowa komai ba.

Shinkafar Mama ta fara fitowa da duhu, kamar an turara ta da ruwan kwata. Mata suka fara dawo mata da ita, wasu suka daina kawowa. Ni ta fara zuwa wa, domin ni ta yarda da shi. Ta kira ni bakin katanga ta ce rijiyarta ta canja, ko na san abin da ke sa ruwa ya yi haka, tunda ni mai aikin ruwa ne. Na yi kamar mai tunani, sannan na ce ai durorinta na ƙarfe ne, sun tsufa, tsatsarsu ce ke bin ruwan jiƙo tana komawa ƙasa. Na faɗe shi da natsuwar masani. Ta yi mini godiya. Ta sake durori. Ta ɗauko masu yasa suka kwashe rijiyar har gindi. Mutumin da ya shiga ya fito ƙafafunsa na ƙaiƙayi, fatar ta yi ja. Sati biyu ruwan ya koma yadda yake, har ya fi.

Sai ta je wurin mai unguwa. Ya aiko wa Alhaji cewa ran Asabar da safe zai zo da dattawa su duba. Alhaji ya kira ni ya tambaye ni, ido cikin ido, ko akwai abin da ya kamata ya sani. Na ce babu.

Ran Asabar na riga kowa zuwa. Na kwance famfon ƙarfe na ɓoye a bayan durori. Na cike kwalbatin da yashi na jera nannaɗen ƙarfe a kai, na tara tarkace a kan ramin. Na ɗauko mataccen famfon na wanke shi da omo, na ɗaure shi a wurinsa, na haɗa masa tiyo, na rufe bawul don kada ko ɗigo ya shiga cikinsa. Har rariyar na mayar.

Suka zo su biyar, Mama na biye da su riƙe da kwalbar ruwa da kwanon shinkafa. Alhaji ya ɗaure hanci da hankici ya shiga rumfar, karo na farko a shekara biyu. Mai unguwa ya ce in kunna. Na kunna. Motar ta ɗauka, maganaɗisun waje ya riƙa juyawa sumul, a ciki ba abin da ke motsi, amma ba wanda zai gane haka daga waje. Mai unguwa ya ciro farar takarda daga aljihu ya shimfiɗa a ƙasan famfon. Aka tsaya ana kallonta. Bayan wani lokaci ya ɗauke ta ya ɗaga sama, a bushe ƙamas.

Alhaji ya ce ya rantse da Allah ko cokali ɗaya na asid bai taɓa zuba a ƙasar nan ba. Da zuciya ɗaya ya rantse, domin abin da na gaya masa ke nan. Ina tsaye a bayansa.

Mama ta miƙa kwalbar. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ban san inji ba. Ruwa na sani. Ka sa a baki kawai."

Ba wanda ya karɓa. Wani daga cikin dattawan ya ce, "Mama, ko gishirin Keana ne ya biyo ki a bakin zane?" Aka yi dariya. Ta ce an haife ta a bakin gishiri, ta san ɗanɗanonsa tun kafin ta san na nono, wannan ba gishiri ba ne. Mai unguwa ya juyo gare ni ya ce, to bakanike, kai me ka gani. Na maimaita maganar durori. Ya gyaɗa kai ya ce a bar zargi, maƙwabtaka ta fi rijiya, ta yi haƙuri ta nemi wani ruwan.

Da suka watse ta tsaya a bakin ƙofa har na fito. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ɗana, kai ka daina shan ruwana tun kafin ni na gane ya lalace. Wa ya gaya maka?" Na ce cikina ne yake damuna. Ta dube ni, ta zuba ruwan kwalbar a ƙasa, ta tafi.

Wanda ya karanta zuwa nan zai so in ce daga ranar na tuba. Ban tuba ba. Kafin azahar na mayar da famfon ƙarfe, na kwashe yashin kwalbati, aiki ya ci gaba. Yanzu ma na fi da ɗaurewa, domin faɗin gaskiya ya zama tona rantsuwar Alhaji da kunyata mai unguwa. An ce ramin ƙarya ƙurarre ne. Nawa bai ƙure da wuri ba, ya ɗauki shekaru yana shan asid.

Mama ta gwada sayen ruwa wurin 'yan garuwa, amma turara shinkafa ruwa yake ci ba kaɗan ba, sana'ar ba ta ɗauka. Yara suka sa mata suna mai baƙar shinkafa. Itacen lemon da ke kusa da rijiyar ya zubar da ganye ya bushe. Wata rana na ji ƙarar shebur ta bayan katanga, na hau duro na leƙa: ana cike rijiyar da ƙasa, ita tana zaune a kan turmi tana kallo. Kafin damina ta gaba ta bar gidan, aka ce ta koma wurin danginta a Keana. Wurinmu ma bai yi tsawon rai ba. Rashin wuta da ƙusar waje mai araha suka rufe shi bayan 'yan shekaru, na koma bin fadama, asirina a rufe.

Ba wani abin mamaki ne ya tayar da ni ba. Tsufa ne kawai, da yawan zama shiru bayan sallar asuba. Wajen shekara bakwai da tafiyarta na hau mota zuwa Keana. Na yi ta kwatance har aka kai ni inda mata ke dafa gishiri. Na same ta a gindin murhu, ta rame, hayaƙi ya ci idanunta, tana taya wata ƙanwarta tura itace. Ta gane muryata kafin ta gane fuskata. Na tsuguna na faɗa mata komai, daga rariya har takardar mai unguwa. Ban rage ba.

Ta daɗe tana gyara wuta. Sannan ta ce, "Ni na sani tun tuni. Ba ni za ka gaya wa ba. Ka je ka gaya wa waɗanda suka yi dariya." Na roƙi gafara. Ta ce wannan tsakanina da Allah ne, ita ta gaji, kuma mijinta ba zai tashi ya haƙa wata ba. Ta sa aka ba ni ruwa na sha, domin na zo daga nesa.

Na dawo Lafia na tarar waɗanda zan gaya wa sun ƙare. Mai unguwa ya rasu, uku daga dattawan sun rasu, na huɗun ba ya gane mutane. Alhaji kaɗai na samu, yana kwance a gida. Da na gama ya juya fuskarsa bango, ya ce, "Ka sa na rantse." Ya ce in fita. Bai sake yarda na shiga gidansa ba, jana'izarsa ma daga sahun baya na tsaya.

Filin da wurinmu yake an yanka shi fuloti-fuloti, an gina gidaje, baƙi ne a ciki. Wasu sun haƙa rijiyoyi. Na bi su gida-gida ina gaya musu abin da na zuba a ƙasar nan, ina roƙon su kada su sha, kada su ba yara, su kai ruwan a auna. Wasu sun ji. Wata mata ta ce da ma tana mamakin abin da ke ɓata mata fararen kaya. Wani kuma ya ce dillalai ne suka turo ni don a karya darajar gidansa, ya rufe ƙofa. Ban san iyakar inda abin ya kai a ƙarƙashin ƙasa ba, kuma ba ni da ilimin da zan sani. Labarin rasuwar Mama a bakin wani direba na ji shi, bayan an yi wata da binne ta.

Shi ya sa na zauna na rubuta, da ɗan karatun da nake da shi. Tsohuwar nan gaskiya ta faɗa, durorinta ba su da laifi, ni ne. Duk wanda ya taɓa jin labarin mai baƙar shinkafa a unguwar nan, ya gyara shi a bakinsa.

Ku kuma masu aikin hannu irina, ina roƙonku. In aka kawo muku injin da bai yi kama da wanda kuka saba ba, kada ku yi masa hukunci da tsohon sani, ku bi sharaɗin da aka ba ku ko da wanda ya faɗa bai kai ɗanku ba. In kun ɓata abu, ku faɗa a ranar, tun yana abin kunya kawai, kafin ya zama abin da wani zai rasa abincinsa a kai. In kuma mai rauni ya zo da ƙara a kan aikinku, aka juyo aka ce ku yi bayani domin ku ne masana, ku ji tsoron Allah a wannan lokacin. Kada ku yi abin da na yi.